Amsar Baffa a kan ƙirgen shanu

Ɗana, saƙonka ya iso ni bayan la'asar, na karanta shi sau biyu, na yi dariya har innarka ta leƙo daga tsakar gida, daga baya kuma jikina ya yi sanyi. Ka ce ka ziyarci wata gonar madara a hanyar Kware, ka tambayi dattijon Bafulatanin da ke kula da garken ko shanu nawa ne nasa a ciki, sa'an nan aka kawo maka nono a ƙwarya ka ƙi sha, har ka zaro kuɗi za ka biya, kuma tun daga nan bai sake ɗaga ido ya dube ka ba. Kana tambaya wane laifi ka yi, kuma ko ya dace ka koma. Shekara 9 a Holan ba kwana biyu ba ce, kuma kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

A shekarar 1973, lokacin babban fari, ina yaro ɗan makarantar boko, kakanka ya tafi da ni rugar wani amininsa Arɗo a gaɓar gulbin Rima. Mun isa da hantsi, an jera maruƙa a dangwali, ana sakin kowane ya ɗan tsotsa kafin a janye shi a tatsa, domin saniyarmu ba ta sakin nono sai ta ji bakin ɗanta. Shanun Bokoloji ne, fararen nan masu gajeren ƙaho, yunwa ta fito da haƙarƙarinsu. Ni kuwa, don in nuna na iya lissafi, sai na miƙa yatsa na fara ƙirga su da ƙarfi. Ban kai ashirin ba rugar ta yi tsit, wata tsohuwa ta ajiye ludayinta ta shige bukka. Arɗo bai ce mini uffan ba, sai ma ya sa aka dama mini fura da kindirmo, na sha na ƙoshi ina ganin an yaba mini.

Sai a hanyar dawowa kakanka ya kama kunnena. Ya ce mutum biyu ne ke ƙirga shanun wani, malamin jangali da mai kambun baka, in zaɓi wanda nake so in zama. A lokacin ana karɓar jangali a kan kowace saniya, har makiyaya kan kora wani ɓangaren garke cikin daji idan suka ji labarin masu ƙirge. Balle a shekarar da mutum ke kwana da saniya ya wayi gari da mushe. Kashegari ya ɗora mini kanwa a ka, na koma rugar da ƙafa, na kai, na gaishe su, ban ambaci abin da ya faru ba, su ma ba su ambata ba.

Na san a can Turai manomi shi ke fara gaya maka adadin shanunsa, da cewa kowace tana ba da fiye da lita 20 a rana, alhali tamu da ƙyar take cika lita 2. Ban ce nasu ba daidai ba ne. Tsoron ɗanyen nono ma ba zan ga baƙinka a kai ba, tun da likitocin dabbobi sun ce tarin fuka kan bi ta nan. Da ka nemi kindirmo, wanda sai an tafasa madarar kafin a kwantar da ita. Kuɗin nan da ka zaro ne ya fi damuna. Kakarka takan ce nonon kasuwa ake tayawa, na baƙo albarka ake sa masa. Ku yaran yanzu kuna ganin duk abin da ba a biya ba bashi ne, har gaisuwa kun mayar da ita saƙon waya.

Batun komawa kuwa, ka zo ranar Juma'a mu yi salla a Masallacin Shehu, mu ci tuwo, in ji ko bakinka ya iya "tubarkalla" har yanzu. In za ka biyo ta kasuwa, ka sayo goro mai kyau da ɗan gishiri.