In Na Ƙi Sa Hannu, Wa Zai Ciyar da Iyalina?

Tambaya: Baba Fasto, gaisuwa cikin sunan Yesu. Ni ma'aikaci ne a sashen kuɗi na wani ofis a garin Gombe. Ogana yana kawo mini takardun biyan kuɗin ayyukan da na san ba a yi su ba, yana so in sa hannu, kuma akwai kasona a ciki. Wanda ya ƙi a baya an tura shi wani lungu inda ko alawus babu. Ina da mata da yara, ga tsohuwata a Billiri da nake saya wa magani. Wani ɗan'uwa a zumunta ya ce in ajiye aikin kawai, Allah zai ninka mini. Matata kuwa tsoro take ji. Me bin Yesu yake nema a wurina?

Amsa: Ɗana, Ubangiji ya ba ka salama. Kada ka sa hannu, kada kuma ka karɓi kason. Na fara da wannan domin na ga zuciyarka ta riga ta sani, abin da yake hana ka barci shi ne tsadar abin.

Amma ban ce ka ajiye aiki ba. A Luka 3:12-14, masu karɓar haraji da sojoji sun zo wurin Yahaya Mai Baftisma suna tambayar abin da za su yi. Bai kori ko ɗaya daga aikinsa ba. Ya ce wa masu haraji kada su karɓi fiye da abin da aka ƙayyade, sojoji kuma kada su yi ƙwace ko ƙazafi, su gamsu da albashinsu. Albashinka halal ɗinka ne, kuma 1 Timoti 5:8 ta tsawata wa wanda ba ya kula da mutanen gidansa da kakkausar murya. Maganin tsohuwarka yana cikin almajirancinka. Inda Matiyu 6:24 ta shafe ka, wato cewa ba dama mutum ya bauta wa Allah da dukiya gaba ɗaya, shi ne a kan wannan takardar da aka ajiye a teburinka. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski: ranar da ka karɓi kason farko, ka rasa bakin ƙin na biyu.

Maganar ɗan'uwan da ya ce Allah zai ninka maka ita ce ta fi damuna, domin irin wannan wa'azi ya cika majami'unmu kuma ya karya bangaskiyar mutane da yawa. Mutum ya yi gaskiya yana jiran riba, watanni su wuce ba komai, sai ya ce Allah ya yaudare shi. Manzo Bulus ya yi biyayya, amma a 2 Korantiyawa 11:27 da bakinsa ya lissafa yunwa, ƙishirwa, sanyi da rashin sutura. Turawan mishan uku da suka fara aikin ƙungiyar mishan ta SIM (Sudan Interior Mission) sun sauka Legas a 1893. Walter Gowans da Thomas Kent sun mutu a 1894, Rowland Bingham kaɗai ya rage. Ba wanda ya ninka musu ko sisi, amma daga wannan aikin ne bishara ta iso ƙasar Tangale, inda Billiri take, a 1917, har ta kai gidanku. Saboda haka ba zan yi maka alkawarin da Ubangiji bai yi ba. Mai yiwuwa a tura ka lungun, mai yiwuwa ƙarin girma ya wuce ka shekara da shekaru.

To, ina alkawarin riɓi ɗari na Markus 10:29-30? Karanta shi da kyau. Yesu ya ambaci gidaje, 'yan'uwa, iyaye mata, 'ya'ya da gonaki, ya ƙara da cewa tare da tsanani. Ta ina mutum zai sami uwa ɗari? Ta cikin ikilisiya. Haka aka gani a Ayyukan Manzanni 4:34, inda aka ce ba mai rashin komai a cikinsu domin masu shi suna kawowa. Ina so dattawa da Zumuntar Maza su ji wannan: idan muka ce wa matashi ya tsaya a kan gaskiya, sa'an nan muka zuba masa ido yaransa suna zaune a gida don kuɗin makaranta, laifin yana wuyanmu. Je ka sami fastonka da dattijo ɗaya mai riƙon asiri tun yanzu, kafin abin ya faɗo.

Yesu ya ce mai son gina hasumiya ya fara zama ya yi lissafi (Luka 14:28). Ku zauna da matarka, kada ka ɗauki tsoronta rashin bangaskiya ne, ita ce take auna hatsi kowace safiya. Ku duba abin da albashi zalla zai iya ɗauka, da abin da za a rage. In akwai gona a gida, a shuka masara da wake bana. In kana adashi, kwasar da ke tafe a ajiye ta. Bulus ma da ɗinkin tanti ya riƙe kansa a Koranti.

A ofis kuma, ka ƙi cikin ladabi, ba tare da yi wa ogan wa'azi a gaban mutane ba. Ka ce ba za ka iya sa hannu a kan aikin da ba ka ga shaidar kammala shi ba, in kuma umarni ne, a ba ka a rubuce. Da wuya mai irin wannan harka ya yarda ya rubuta. Ka riƙa rubuta ranar da aka kawo kowace takarda da amsar da ka bayar. Ka tuna kuma, ranar da hukumomin yaƙi da cin hanci, EFCC ko ICPC, suka buɗe fayil, wanda sa hannunsa yake kan takardar shi za a fara kira. Idan matsin ya yi yawa, ka nemi canjin sashe da kanka, ka kuma ga lauya kafin ka kai ƙara ko'ina.