Tambaya da Amsa: Rediyon CB Ɗina Ya Yi Shiru a Kan Hanya

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni direban tirela ne a Amurka, wata huɗu ke nan da fara aikin. Na tarar da rediyon CB, wato irin wanda direbobi ke magana da juna da shi a hanya, ƙirar Cobra 29 a motar da aka ba ni. Ranar farko da na kunna shi sai shuuu kamar ruwan sama a kan kwano, na yi ta murɗe-murɗe har ƙarar ta ɗauke. Tun daga nan ba na jin kowa sai in wata tirela ta zo dab da ni. Makon jiya na maƙale awa biyu a cunkoso saboda hatsari, daga baya wani direba ya ce ai tun da nisa aka yi ta sanarwa a rediyo. Lalacewa ya yi?

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya kiyaye hanya. In na fahimci bayaninka, rediyonka lafiyarsa ƙalau. Kunne ka toshe masa, kuma kusan duk sabon hannu haka yake yi, domin shuuu ɗin nan akwai cin rai.

Duba fuskar rediyon, za ka ga inda aka rubuta SQUELCH. Galibi zobe ne a bayan maɓallin ƙara sauti, shi ya sa hannu kan kama shi ba da niyya ba. Ni mai gadi nake kiransa. Aikinsa ya tsaya a bakin ƙofa ya hana duk sautin da ƙarfinsa bai kai wani mizani ba shigowa, kuma duk lokacin da ka murɗa shi dama, ɗaga mizanin kake yi. Shuuu ɗin ne ake fara korewa tunda shi ya fi rauni. Ka ƙara murɗawa, sai a kori direban da ke kilomita takwas a gabanka, alhali shi ne wanda ka fi buƙatar ji, domin ya riga ka ganin abin da ke hanya. Wanda ke dab da kai, abin da yake gani kai ma kana gani.

Na taɓa zama a gefen wani direba a cikin motarsa, yana ta rantsuwa rediyonsa ya mutu. Na zuba wa allurar da ke fuskar rediyon ido, na ga tana harbawa zuwa 5, wani lokaci 7, tana dawowa, lasifika kuwa tsit. Magana tana isowa ke nan, hana ta fita aka yi. Na sa yatsa biyu na dawo da zoben baya kaɗan, sai ga murya ta faso tana cewa an rufe hannun dama a gaba. Ya dube ni, ya dubi rediyon, bai ce uffan ba.

Ga yadda za ka yi. Nemo maɓallin RF GAIN, wanda shi ne kaifin kunnen rediyon, ka murɗa shi dama har ƙarshe. Mai gadi kuma ka mayar da shi hagu har ƙarshe, shuuu ɗin ya dawo. Daidaita sauti yadda kunnenka zai ɗauka. Sannan ka riƙa murɗa mai gadi dama a hankali, daidai inda ƙarar ta ɗauke ka tsaya cak, kada ka ƙara ko ƙwayar zarra. Ba kuma sau ɗaya ake yi a manta ba. Hayaniyar cikin gari kusa da manyan wayoyin lantarki daban take da ta dokar daji, don haka in wuri ya canja sai ka sake taɓawa. Ni dai a doguwar tafiyar dare na fi son in bar ɗan shuuu ɗin yana leƙowa jefi-jefi. Kunne ya ji, jiki ya tsira.

Wata rana da tsakar rana za ka ji muryoyi rututu daga jihohi masu nisa, har da wasu ƙasashe, suna danne na kusa da kai. Wani sashe ne na sararin samaniya ke dawo da igiyar rediyo ƙasa, abin kuma ya fi yawa idan rana ta kai ganiyar zagayen da take yi duk bayan kimanin shekara 11. A nan ne RF GAIN ke da rana: rage shi kaɗan, na nesa su dushe, na kusa su fito.

Sauran maɓallan ba su da wuyar sha'ani. Wanda aka rubuta CB da PA ka tabbata yana kan CB, in ba haka ba ba za ka ji kowa ba. ANL da NB na rage ƙaraf-ƙaraf ɗin lantarki. Idan kuwa wani siririn kuka kake ji mai tashi duk lokacin da ka taka totur, daga na'urar cajin batir yake biyo wayar wuta, maganinsa a ja wa rediyon waya kai tsaye daga batir a sa mata fis. DYNAMIKE sunan da Cobra suka ba maɓallin ƙarfin makirfo ne. Kada ka ƙure shi, domin ƙugin injinka zai haɗa da muryarka ya aika.

Sai batun tasha. Guda 40 ne, daga megahaz 26.965 zuwa 27.405. Da hukumar sadarwa ta FCC ta buɗe wannan zango a 1958 tashoshi 23 ne, aka ƙara su a 1977 bayan da rediyon ya cika motoci a shekarun ƙarancin mai na 1973 da dokar taƙaita gudu zuwa mil 55. Taka ita ce 19, a nan direbobin manyan motoci ke haɗuwa, kuma a nan aka yi sanarwar da ta wuce ka. Kafin ka yi magana ka saurara tukuna, domin tasha ɗaya mutum ɗaya take ɗauka a lokaci guda, kuma muddin kana danne da makirfo ba ka jin kowa. Danna, ka ɗan ja numfashi, ka ce "break one-nine", wato kana neman shiga magana a tasha ta 19, ka faɗi hanyar da kake, ina ka nufa, da lambar mil ɗin da ke gefen titi, sai ka saki. In aka ce maka 10-4, an ji ke nan. In hira ta yi daɗi ku koma wata tasha ku bar wa jama'a 19. Dokar FCC ma ta ce kada zance ya wuce minti biyar a jere, sannan a yi shiru na aƙalla minti ɗaya.

TAMBAYA: Malam, ni da maigidana mukan yi doguwar tafiya da mota biyu, muka sa CB a kowace. Ni ina jin sa sarai, shi kuma ya ce da na ɗan yi nisa maganata ke ɓacewa.

AMSA: Hajiya, ruwa ba ya tsami banza, kuma a irin wannan eriya nake fara tuhuma. Ko wani guntun ƙarfe zai iya kamo magana, amma aikawa sai eriyar da tsawonta ya dace. Igiyar CB tsawonta kimanin mita 11 ne, cikakkiyar eriya kuwa rubu'in haka, shi ya sa ake da doguwar bulalar nan mai inci 102. Gajerun da aka fi sawa a ƙananan motoci waya aka naɗe a cikinsu don ta cike gurbin tsawon, kuma dole a daidaita su da motar da suke kai. In ba a yi ba, wani kaso na ƙarfin da rediyon ya tura sai ya dawo masa. Awon wannan dawowa shi ne SWR.

Ku kai motar fili, nesa da gini da wasu motoci, a rufe ƙofofi. A tasha ta 1 ki sa maɓallin awo a inda aka rubuta CAL, ki danne makirfo, ki murɗa maɓallin daidaita awon har allura ta hau alamar CAL, sannan ki mayar SWR ki karanta. Ki maimaita a tasha ta 40. In rediyonki ba shi da wannan awo, ana sayar da mitar daban. Ƙasa da 1.5 ya yi kyau, 2 za a iya lallaɓawa, amma in ya kai 3 ki daina danna makirfo, don zai iya ƙona rediyon. Idan awon tasha ta 40 ya fi girma eriyar ta yi tsawo, idan na tasha ta 1 ne ya fi girma ta yi gajarta. A sassauta 'yar ƙusar da ke riƙe da bulalar, a matsa ta kamar milimita uku, a sake aunawa. Idan duka biyun sun yi sama sosai, a duba ko murfin ƙofa ya matse wayar eriya, ko gindin eriyar bai haɗu da ƙarfen mota ba. Eriya mai maganaɗisu kuwa tsakiyar rufin mota ne mazauninta.

TAMBAYA: An ce in sayi na'urar ƙara ƙarfi don muryata ta yi nisa. Kuma me ya sa ba na jin kowa a tasha ta 9?

AMSA: Ɗan'uwa, kada ka saya. A Amurka tun 1983 ba a neman lasisin CB, amma doka ta tsaya a wat 4 ga AM da FM, wat 12 ga wani salon aika murya da ake kira SSB, kuma ta haramta haɗa na'urar ƙara ƙarfi. Tazarar yawancin tashoshin kilohaz 10 ce kacal, mai irin wannan na'ura sai muryarsa ta malala ta rufe maƙwabta, shi kuma ba zai ji amsar wanda ya jiyo shi daga nesa da wat 4 ba.

Shirun da ke 9 da gangan ne. An keɓe ta don gaggawa da taimakon matafiyi, ina roƙonka kada ka gwada makirfo a can. In hatsari ka gani ka fara kiran 911 a waya, in babu sabis ka kira a 9, in ba a amsa ba ka koma 19 inda kunnuwa suka fi yawa. Idan kuma za ka fita da rediyon wata ƙasa, ka fara neman dokarta. Ingila da ta halatta CB a 1981 da FM ta fara, a kan wasu tashoshi nata na daban, a Ostareliya kuwa yawancin direbobi suna kan megahaz 477, inda rediyonka na 27 ba zai ji su ba sam.