Amsa ga ɗan uwan da ƙanwarsa ke jinyar Hajiyarsu mai gigin tsufa

Assalamu alaikum. Malam na ga tambayarka, ka ce gigin tsufa ya kama Hajiyarku, ƙanwarku ce ke tare da ita dare da rana, yanzu ita ma duk ta rame ga saurin fushi, kuna ta turo kuɗi amma kamar ba abin da ya ragu. Allah ya ba Hajiya sauƙi. Ni ma na yi jinyar surukata shekaru da irin wannan lalura, bari in ɗan sa baki.

Kuɗin ku ci gaba da turowa, don pampas ɗin manya kaɗai ya isa ya cinye albashi, amma wallahi abin da yarinyar nan ta fi buƙata barci ne. Masu wannan ciwon dare kan zame musu rana, ƙarfe biyu tsohuwa za ta tashi ta ɗaure kayanta ta ce gidansu za ta, gidan da ta bari tun tana amarya, wanda ke kwana ɗakin kuwa ido biyu yake kwana kullum don kar ta buɗe ƙofa. Mutum ya yi wata da watanni a haka dole halinsa ya canza. To ku raba kwana, kuma da suna da rana, a rubuce. Wannan maganar ta "in kina buƙatar wani abu ki kira ni" ba taimako ba ce, ba za ta kira ba, kunya ba za ta bar ta ba. Ka ce mata Juma'a da Asabar mu ne, shi ke nan. Kuma ranar hutunta ta bar gidan gaba ɗaya, in ta zauna wanki za ta kama. Maza kuma don Allah a daina cewa aikin mata ne, wanka da canjin kaya dai na ji, amma hira da ita bayan la'asar da kai ta asibiti da bin layin magani fa?

Sai abin da ya fi ciwo, wanda ba a cika faɗa ba. Hajiya za ta fara cewa an sace mata kuɗi, ko tun jiya ba a ba ta abinci ba alhali yanzu aka ɗauke kwano, kuma wanda ya fi kusa da ita shi za ta ɗora wa. Baƙo ya zo na rabin awa ta gaisa da shi lafiya lau har da tambayar yara, ya fita yana cewa ai Hajiya garau take, ana dai cutar ta ne. Irin maganganun nan sun fi aikin kansa karya zuciya. Kai ne babba, kai za ka tsaya ka yi wa dangi bayani cewa ciwo ne na ƙwaƙwalwa, ba sammu ba ne ba maita ba. Hukumar lafiya ta duniya ta ce sama da mutum miliyan 55 ke fama da shi a duniya, yawanci nau'in Alzheimer, kuma kusan kashi 70 cikin 100 na lokacin jinyar mata ne ke ɗauka, kaga ba a gidanku aka fara ba.

Addu'a da ruƙiyya a yi, amma a kai ta wajen likitan ƙwaƙwalwa. In Kano kuke akwai asibitin Malam Aminu Kano da Dawanau, Kaduna akwai na Barnawa, Sakkwato akwai Kware. Mutane na gudun sunan wuraren nan ne kawai. Magani irin donepezil ba ya warkarwa, yana dai ɗan riƙe wasu na wani lokaci, kuma a kula da hawan jini da suga don suna ƙara lalata abin. In kuka ga ta rikice farat ɗaya cikin kwana ɗaya ko biyu kar ku ce ciwon ne ya ƙaru, a gwada fitsari a duba zazzaɓi, sau da yawa daga nan ne.

A gida kuma a daina gardama da ita. In ta tambayi marigayi Alhaji kar a sake mata sabon mutuwa kullum, a ja ta da hirar da, ko a miƙa mata wake ta tsince. Gab da magariba suka fi rikicewa, a kunna fitila da wuri a rage hayaniyar talabijin. A ɗinka lambar waya a jikin hijabinta, a sanar da maƙwabta da mai shagon bakin layi, a kulle gas da magunguna.

Ƙanwar taku kuma in ta ɗaga murya wata rana kar ku zo mata da wa'azi, ta san ayar da ta hana cewa iyaye "uf" fiye da ku, ita ce ma ke sa ta kuka in ta shiga ɗaki. A auna mata jini ita ma, in ba ta cin abinci ko kullum tana kuka ta ga likita. Kuma ku yanka mata wani abu nata na kanta duk wata, daban da kuɗin cefane, tunda sana'arta ko karatunta ta ajiye. Waɗanda ke nesa su haɗa su biya mai aiki ko da ta rana ce, ku tsayar da maganar a WhatsApp ɗin gidanku cikin satin nan.