Littattafai bakwai a gabana, da wanne zan fara?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Goggo. Shekarata 14. Kawuna ne ya aiko min da littattafai bakwai sababbi dal saboda na ci jarrabawa. Uku na labari ne, ɗaya na waƙoƙi, ɗaya kan taurari, ɗaya na tarihi, sai wani ƙato na Turanci mai shafi 412. Yau kwana tara ke nan ina fito da su, in jera, in shinshina, in mayar cikin leda. Ɗokin karanta su nake yi, amma na rasa da wanne zan fara, kuma ina tsoron kada su tsufa a hannuna. Ga ƙanena ya matsa min sai na ara masa ɗaya. Yaya zan yi?

AMSA: Wa'alaikumussalam 'yata. Allah ya saka wa kawunki da alheri, ke kuma ya ƙara basira. Sai da na yi dariya da na zo wurin shinshinawar nan, don har yau da furfurata ban daina ba. Ƙamshin da kike ji na tawada ne da gam da sabuwar takarda, kuma ko kin karanta ko ba ki karanta ba, tafiya zai yi. Saboda haka kada ki ce za ki tsare shi.

Kin ce kin rasa da wanne za ki fara. Ni ban yarda ba. A cikin kwana taran nan akwai wanda hannunki ya fi kaiwa gare shi, wanda kika karanta bayan bangonsa ya fi sau uku. To, da shi za ki fara, yau ɗin nan. Na san dabarar da zuciya ke kawowa, wai a ajiye mafi daɗi sai ƙarshe. Ina kamar shekarunki aka ba ni wani littafi da na ƙwallafa rai a kansa. Na naɗe shi a tsumma na tura ƙasan akwati, wai sai an yi dogon hutu in zauna masa a natse. Hutu ya zo, na ɗaga akwati, ashe gara ta riga ni. Ta cinye tsakiyar, ta bar min bango da 'yan shafukan farko. Har yau ban san yadda labarin ya ƙare ba. Mutanen Japan ma suna da sunan da suke kiran tara littattafai ba a karantawa, tsundoku, kin ga ciwon ba namu ne mu kaɗai ba.

Kuma bakwai ɗin nan ba hanya ɗaya ake bi da su ba. Na labari su ne ake kamawa daga farko har ƙarshe. Ki ba kowanne kamar shafi 40. In bai riƙe ki ba, ki ajiye ki ɗauki wani, ba laifi kika yi ba, wataƙila baɗi ku shirya. Na waƙoƙi kuwa a bayyane ake karanta shi, waƙa ɗaya a rana ta isa, don sai kunne ya ji kari da amsa-amo waƙa take faɗawa. Na tarihi ki riƙa bin sa babi-babi, da fensir a hannu.

Na taurarin shi na fi yi miki sha'awa. Kada ki karanta shi a ɗaki kawai ki rufe. Ki karanta shafi biyu ko uku da yamma, in dare ya yi ki fita tsakar gida ki ɗaga kai. Ki nemo Kaza da 'ya'yanta, ki nemo Zara matar wata, sannan ki dawo ki ga abin da littafin ya ce a kansu. A nan za ki tarar Zara ba tauraro ba ce irin rana, duniya ce mai zagaya rana kamar tamu, hasken rana take maido mana. Za ki kuma ga cewa hasken ranar da ke dukan fuskarki ya yi tafiyar minti takwas da 'yan daƙiƙu kafin ya iso.

Sai ƙaton na Turanci. Ga gwajin da malamai ke koya wa yara: ki buɗe tsakiyarsa, ki karanta shafi guda, duk kalmar da ba ki sani ba ki lanƙwasa yatsa ɗaya. In yatsu biyar sun ƙare kafin shafin ya ƙare, ki ɗaga masa ƙafa zuwa gaba. In biyu ko uku ne, ki shiga. Kada kaurinsa ya firgita ki, shafi goma a rana kwana 42 ne kin gama. Ba kuma kowace kalma za ki tsaya nema a ƙamus ba, sai wadda ta yi ta dawowa ta hana ki gane zance.

Batun lalacewa, abu na farko ki fid da su daga ledar nan. Leda tana riƙe danshi, danshi kuma shi ke kawo fumfuna. Ki jera su a tsaye a kan kanta, nesa da ƙasa da jikin bango mai sanyi, inda rana ba ta dukansu, domin hasken rana ke sa takarda ta yi ja ta bushe. Yawancin littattafai masu laushin bango da gam aka manne su, ba ɗinki ba, shi ya sa in aka banƙare su da ƙarfi gadon bayan ke karyewa, shafuka su fara zubewa. In za ki buɗe sabo, ki kafa gadon bayansa a kan tebur, ki kwantar da bangon gaba da na baya, sai ki riƙa sauke 'yan shafuka daga gaba, 'yan shafuka daga baya, kina shafawa a hankali har ki kai tsakiya. Kada ki kife shi a buɗe, kada ki naɗe kusurwar shafi. Guntuwar takarda ta isa alama. In ya yage, ban da salatif, don daga baya gam ɗinsa ɓata takarda yake yi. Bayan wannan, in gefensa ya ɗan yi duhu saboda yawan riƙo, ki ƙyale shi. Na tabbata kawunki zai fi murna ya gan su haka.

Shi kuma ƙanenki, ki ara masa mana, amma wanda kika riga kika karanta. Ki rubuta sunanki da kwanan wata a cikin bango, ki nuna masa yadda ake buɗewa, ku yanke ranar dawowa. Ladan aron kuwa, in ya gama ya zauna ya ba ki labarin da bakinsa. Na taurarin kam ba sai an yi aro ba, ki ja shi ku fita tare, ya riƙe miki tocila.