Amsa kan 'yan mafiyar Yukren: abin da na gani a Odesa

Malam, ka tambaya ko gaskiya ne 'yan mafiyar Yukren ne ke turo makamai yankin Tafkin Chadi, ka kuma nemi wanda ya taɓa zama can ya faɗa mana ko da gaske ƙasar a hannun miyagu take. Na karanta amsoshin da aka ba ka, wasu dai da ganinsu ka san daga fim aka kwaso su. Ni na yi shekara shida a Odesa, birnin tashar jirgin ruwa na Yukren, daga 2013 zuwa 2019, ina karatun likita, kuma uku daga cikin shekarun nan ina tsaron shago Asabar da Lahadi a wata kasuwar kwantena da ke bayan gari, don kuɗin da ake turo mini daga gida ba ya kai wata. Bari in ba ka nawa.

A shekara shidan nan ban taɓa ganin ɗan mafiya ya zaro bindiga ba. Tashin hankalin da na gani na 2014 ne, shi kuwa na siyasa ne. Wanda na sani a matsayin ɗan ƙungiya wani dattijo ne mai tsabta, mai fara'a, da yake zuwa shagonmu farkon kowane wata. Maigidana, ɗan Najeriya ne da ya daɗe a garin, zai haɗa masa shayi, su tambayi lafiyar iyali, ya miƙa masa ambulan. Suna kiran abin krisha, wato rufi da Rashanci. Kowa a layinmu yana da rufinsa. Wata rana kayan maigida suka maƙale a hanya kusan mako uku, na ce masa ya nemi lauya mana. Ya dube ni kamar na yi saɓo, ya ce, "Yaro, lauya na me? Me nake biyan rufi yake yi?" Waya ɗaya ya buga, bayan kwana biyu kaya suka iso. Ranar na gane cewa hajar mutanen nan ita ce hanya: tashar jirgin ruwa, kan iyaka, hatimi, da sanin wanda za a kira.

Ba kuma gulmar kasuwa ba ce kawai. Ina garin aka naɗa Mikheil Saakashvili, tsohon shugaban Jojiya, gwamnan jihar Odesa a 2015 don ya gyara, ya ajiye muƙamin a Nuwamban 2016 yana kukan cin hanci ya fi ƙarfinsa.

To, maganar makamai. Tana da tushe, sai dai tushen ya girmi yaƙin Rasha da Yukren na 2022. Da Tarayyar Sobiyet ta rushe a 1991, Yukren ta gaji rumbunan makaman da suka fi ƙarfin buƙatarta nesa ba kusa ba, ga albashin soja ba ya fita, ga manyan jiragen dakon kaya zaune ba aiki. Kura da nama a ɗaki guda ke nan. Wanda ya kamata kowane ɗan Afirka ta Yamma ya san sunansa shi ne Leonid Minin, haifaffen Odesa, mai fasfon Isra'ila, wanda ke harkar katako a Laberiya zamanin shugaban ƙasar Charles Taylor. A Maris ɗin 1999 jirgi ya sauke tan 68 na makamai daga Yukren a Wagadugu, da takardar da ke cewa sojan Burkina Faso ne za su yi amfani da su. Kwamitin bincike na Majalisar Ɗinkin Duniya ya gano cewa an kwashe su zuwa Laberiya da jirgin Minin, daga can suka shiga hannun 'yan tawayen RUF na Saliyo, masu datse wa mutane hannu. Ka tuna su wa ke fuskantar RUF a lokacin: sojojin ECOMOG, rundunar kiyaye zaman lafiya ta ƙasashen Afirka ta Yamma, mafi yawansu 'yan Najeriya. Akwai gidajen da har yau ake addu'ar waɗanda suka tafi Saliyo ba su dawo ba.

Abin takaicin shi ne ƙarshen labarin. A Agustan 2000 'yan sandan Italiya suka kama shi a wani otal kusa da Milan, suka same shi da hodar iblis da lu'ulu'u da tulin takardun cinikin makamai. Shaida kamar ta yi magana. Amma kotun ƙolin Italiya ta ce ba ta da hurumi, tunda makaman ba su taka ƙasarta ba. Dubi tsarin da kyau: kaya daga Yukren, takarda daga Burkina, mai saye a Laberiya, gawa a Saliyo, dillali a Italiya. Kowace ƙasa yanki ɗaya ta gani. Shi ya sa in an ce "mafiyar Yukren" nake cewa sunan ya yi kaɗan, don ba a sauke tan 68 a filin jirgi sai da hannun ɗan gari.

Batun Tafkin Chadi kuwa, na san inda ka ji shi. Marigayi Shugaba Buhari ne ya faɗa a taron shugabannin Hukumar Tafkin Chadi a Abuja, ƙarshen Nuwamban 2022, cewa makaman yaƙin Rasha da Yukren sun fara malalowa yankin. A matsayin gargaɗi, maganar tana kan hanya, don yaƙin ƙasashen Balkan ya nuna cewa makamai sun fi yawo bayan an daina harbi. Amma masu bin diddigin lambobin bindigogin da aka kama a Sahel sun fi danganta su da rumbunan Libiya bayan 2011, da waɗanda aka ƙwace ko aka sayar daga barikokin sojojin yankin. Ɗan ta'addan da zai iya afka wa sansani ya kwashi na kusa ba ya buƙatar jiran jirgi daga Odesa.

Akwai sauran sana'o'in da ba sai na daɗe a kansu ba. Fasa-ƙwaurin taba sigari zuwa Turai, har a 2012 aka gano rami mai tsawon mita 700 daga garin Uzhhorod na Yukren zuwa Sulobakiya, da ɗan layin dogonsa a ciki. Akwai Semion Mogilevich, haifaffen Kiyef, babban birnin Yukren, wanda hukumar binciken manyan laifuka ta Amurka, FBI, ta sa cikin mutum goman da ta fi nema a 2009, amma shi an ce a Mosko yake zaune. A da can ƙungiyoyin Rasha da na Yukren tuwona maina ne, yaƙin 2022 ne ya raba gari. Yaƙin ya kuma buɗe sabuwar kasuwa: tsallakar da mazan da aka hana fita ƙasar saboda aikin soja, wasu ta kogin Tisa zuwa Romaniya, inda da dama suka nutse.

Abin da ya fi fita duniya daga can a yau ba ya bi ta kwantena, ta waya da kwamfuta yake bi. Ƙasar na da matasa masu ilimin lissafi da kwamfuta, albashi kuwa ba yabo. Vyacheslav Penchukov, ɗan Donetsk, na ƙungiyar da ta yi amfani da manhajar Zeus tana yashe asusun bankunan Amurka, an kama shi a Janeba a 2022, kotun Amurka ta ɗaure shi shekara tara a 2024. Yaroslav Vasinskyi, na ƙungiyar REvil masu kulle kwamfutocin kamfanoni su nemi kuɗin fansa, ya samu shekara 13 da wata bakwai a shekarar. Garkuwa ce dai irin wadda muka sani, sai dai ba a shiga daji.

Nan ne kuma abin ya taɓo mu ɗalibai. Akwai ofisoshin damfara ta waya, birnin Dnipro ya yi suna a kansu, Kiyef ma akwai, kuma a 2020 jaridar Dagens Nyheter ta Suwidin da 'yan jaridar OCCRP, ƙungiyar masu binciken cin hanci da manyan laifuka, suka fallasa wani katafare a tsakiyar Kiyef da ke damfarar mutane da sunan zuba jari. Irin waɗannan wurare kullum neman mai jin Turanci ko Faransanci ko Larabci suke, to wa ya fi ɗalibin Afirka da kuɗin makaranta ya shaƙe? Wani abokina, ba zan faɗi ƙasarsa ba, ya ga tallan "aikin kula da abokan ciniki", ya tafi hutun bazara. Ofis mai kyau, da na'urar shayi, da manaja mai taye. Aka ba shi sunan Bature, aka ba shi takardar abin da zai riƙa faɗa, da jerin lambobin tsofaffi a Ingila da Ostireliya. Zai ce su sa dala 250 su gwada, shafin ya nuna musu riba ta ƙarya, daga nan a miƙa su ga wani sashe da aikinsa tatsa ne har sai an ga ƙasan tukunya. Ya ce mini abin da ya kore shi wata tsohuwa ce da ta riƙa kiransa "ɗana" tana tambayar ko ya ci abinci. Mako biyar ya yi ya gudu, albashin wata na biyu bai karɓa ba, kuma da ya nema sai aka tuna masa cewa bizarsa ta karatu ce, ba ta aiki ba, suna da hoton fasfonsa.

Shekaru bayan na dawo gida, wata lambar waje ta kira wani kawuna ɗan kasuwa a Kano, da Turanci mai santsi, wai an zaɓe shi ya shiga cinikin kuɗin intanet da dala 250. Ya miƙo mini wayar ya ce in ji me yaron ke cewa. Ban ce daga Yukren aka kira ba, don irin ofisoshin nan sun bazu ƙasashe da yawa, amma zubin maganar shi ne sak wanda abokina ya karanta mini a ɗakinmu na Odesa. Na gaishe shi da Rashanci, ya yi shiru kamar daƙiƙa uku, ya kashe wayar.