Shin maganin hawan jini yana sandarar da jijiyoyi?

Tambaya: Likita, ina gaisuwa daga Tawa. Shekarata 61, na daɗe ina shan amlodipine kullum. Wani aboki a fada ya ce shan maganin shekara da shekaru yana busar da jijiyoyin jini su yi tauri. Awona na ƙarshe 16 da 7. In daina ne?

Amsa: Alhaji, kada ka daina. Abokinka ya ɗora wa magani laifin cutar.

Babbar jijiyar da ke fitowa daga zuciya tana da taushi a ƙuruciya. Duk bugu sai ta buɗe ta karɓi jini, sannan ta koma ta tura shi gaba a hankali. Shekaru suna cinye zaren da ke ba ta wannan taushi, jiki kuma ba ya saƙa sabo yadda ya kamata, sai ya cike gurbin da zare mai tauri. Hawan jini yana gaggauta wannan, haka ciwon suga, taba da ciwon ƙoda. Kamar tiyon ban ruwa ne a garkar albasa: rana tana busar da shi, famfo mai ƙarfi yana ƙarasa shi.

Awonka ma ya nuna alama. 16 da 7 na nufin 160 da 70, tazarar 90 ke nan, alhali ga dattijo tazarar da ta wuce 60 takan nuna jijiya ta fara tauri. Ainihin awon taurin shi ne saurin tafiyar bugun jini daga wuya zuwa matsematsi. Likitocin Turai suna ɗaukar sama da mita 10 a sakan ɗaya a matsayin lahani.

Da zarar matsin jini ya sauka, jijiya takan ɗan sassauta. In ya zauna ƙasa shekaru, taurin yana ƙaruwa a hankali maimakon da gudu. Jijiyar ɗan shekara ashirin dai ba ta dawowa.

Magungunan kuma ba ɗaya ba ne. A binciken CAFE na 2006, masu shan amlodipine da perindopril sun fi masu shan atenolol samun saukar matsi a babbar jijiya, ko da yake awon hannu ya zo kusan ɗaya. A 2019 binciken CREOLE, da aka yi a ƙasashe 6 na Afirka, ya nuna haɗin magunguna da ke da amlodipine ya fi wanda ba shi da shi saukar da hawan jinin baƙar fata. Ashe naka yana cikin masu kyau. Kumburin ƙafa da yakan kawo ba taurin jijiya ba ne.

Abin da ya dame ni shi ne 16 ɗin. Mai shan magani bai kamata ya wuce 14 da 9 ba. Ka koma wurin likitanka, wataƙila ya ƙara maka na biyu. In perindopril ko losartan ne, a auna maka ƙoda da sinadarin potasiyom na cikin jini bayan ƴan makonni. Ka kuma yi magana da uwargida kan tukunya: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishiri kada ya kai giram 5 a yini, ƙasa da ƙaramin cokali, kuma dunƙulen Maggi da kilishi duk suna cikin lissafin.