Filin Amsoshin Tambayoyinku: Gama ko Kammala?

Tambaya: Salamu alaikum Malam, dan Allah meye bambancin gama da kammala? Malaminmu yace kammala ba Hausa bace, wai gama ce ta asali. Daga wata ɗaliba.

Amsa: Wa'alaikumussalam 'yata, Allah ya miki albarka. Malaminku yana da gaskiya ta ɓangaren asali, kammala aro ce daga Larabci, tushensu ɗaya da kamala da kamili da sunan Kamilu, duk ma'anar cika ce ba tare da naƙasu ba. Amma fa cewa ba Hausa bace ban yarda ba sam, kalmar da har muka sarrafa ta muna cewa aiki ya kammalu, gida kammalalle, ai ta zama 'yar gida.

Gama kuwa tamu ce tun fil azal kuma tafi faɗi, kin gama wanki, kin gama magana, har ace riga ta gama yawo, sannan tana nufin haɗawa kamar a gama kai ko gamayya, in kuma aka ce an gama da wane to kashinsa ya bushe. Inda suka rabu shine gama tana nuna hannunki ya bar kan abu ne kawai, kammala kuwa ba saura. Tela zai ce miki ya gama ɗinki kizo ki karɓa, kina zuwa ki tarar ba maɓalli, bakin hannu zare na reto, ba guga, to wannan ya gama a bakinsa amma ɗinki bai kammalu ba. Shiyasa abin ke damuna in naji ana cewa an kammala aikin titi alhali ko kwalbati ba a rufe ba, kalmar tana da nauyi, bai kamata a riƙa jefa ta haka nan ba.

Akwai kuma ƙare, ita ce ta abin da ya tafi ba saura, gishiri ya ƙare, data ta ƙare, ba a cewa gishiri ya gama. Ƙarasa na ragowar aiki ne. Mutanen Katsina da Sakkwato zakiji suna cewa ida, sallah ma idar da ita ake. Alƙur'ani kuma sauke shi ake, tatsuniya a rufe ta da ƙurunƙus.

A jarrabawa ko wasiƙar ofis ki rubuta kammala, amma in Mama ta tambaye ki wanke-wanke kice kin gama.